Wata Tara a Gida: Korona da Matasan Gwarzo da Kabo

Ranar 11 ga Afrilun 2020 aka tabbatar da mutum na farko mai cutar korona a Kano. Ranar 16 dokar kulle ta Gwamna Ganduje ta fara aiki, ranar 27 kuma Shugaba Buhari ya ƙara mako biyu, azumi bai cika mako ba. Tun a Maris an rufe makarantu, ƙungiyar malaman jami'a ta ASUU ta tafi yajin aikin da bai ƙare ba sai 23 ga Disamba. Wata tara ɗalibai suna gida.

Kabo da Gwarzo a kan hanyar da ta tashi daga Kano ta nufi Dayi ta jihar Katsina suke, kuma abincin mutane da yawa a kan hanyar nan yake. Da aka rufe Kantin Kwari da Singa, aka hana ƙetara jiha, mai shago ya rasa wurin sari. Ɗalibin da ya dawo da jakar littattafai, wanda ya taso yana jin sana'a ta wanda boko ya ƙi ce, sai ya ga tsohon abokinsa tela yana ɗinka takunkumi yana ciyar da gida, mai POS kuma layi har titi, don shiga banki ta zama wahala. Tun daga nan ɗan jami'a ya daina jin kunyar zama a ƙarƙashin lema da na'ura a hannu.

Mu masu rubuta manhaja muna son a ce fasaha ce ta yi aikin. Anya kuwa? Manhajar da ta yi ciniki WhatsApp ce kawai. Budurwa ta ɗora hoton turare ko atamfa, ƙawar yayarta ta tura kuɗi, ɗan acaɓan da aka san gidansu ya kai kaya. Sanayya ce jarin.

Sai bashin korona. A Maris Babban Bankin Najeriya ya ware naira biliyan 50 ta bankin NIRSAL, kuma a intanet ake nema, don haka cike wa mutane fom ya zama sana'ar mai waya. Wasu sun sayi keken ɗinki ko tumakin kiwo. Da yawa kuwa sun ɗauka rabon gwamnati ne, aka yi lefe, aka sauya waya. Bayan 'yan shekaru bankin ya fara bin lambar BVN yana cire kuɗinsa daga duk asusun da ya tarar da su, har na mai POS, wanda rabin abin da ke ciki na kwastomomi ne.