Baƙar masarar da aka jingina wa Meziko

A kundin masu sayar da irin gado a Amurka akwai wata masara mai zaƙi da ake kira Black Mexican, wato baƙa 'yar Meziko. Sunan ya yi kure sau biyu. Lokacin da ake karyo ta a dafa, ƙwayarta fara ce. Sai ta ƙosa ta fara bushewa take rinewa ta koma shuɗi mai duhu, a lokacin kuwa zaƙin ya ja baya. Sannan ba daga Meziko aka kawo ta ba. A shekarun 1860 ta bayyana a hannun 'yan kasuwar iri na arewa maso gabashin Amurka, kuma masu bin diddigi suna danganta ta da masarar ƙabilun Irokwa na yankin New York. Wasu kamfanonin ma Black Aztec suke ce mata, suka ƙara nisanta ta da gida. Ɗan kasuwa ya san suna mai ƙamshin nesa ya fi jawo ciniki.

Mu ma ba mu da bakin yin dariya. Kalmarmu ta masara daga Masar take, alhali a kudancin Meziko aka fara noma ta, shekaru kusan 9,000 da suka wuce, daga wata ciyawa mai suna teosinte. Turkawa su ma Masar suka ba ta, Italiyawa suka ce hatsin Turkawa ne, masu jin Suwahili suka kira ta mahindi, ta Indiya. Kowa ya raɗa mata sunan wanda yake zaton shi ya miƙo masa.

Wasu sunayen sun fi gaskiya. Stowell's Evergreen, wadda ta samo asali a 1848, tana ɗauke da sunan manomin New Jersey da ya tace ta, tare da halinta na daɗewa a gona ba ta yi tauri ba. Golden Bantam, da kamfanin Burpee ya fitar a 1902, an kamanta ƙanƙantarta da wata ƙaramar kaza, kazar kuma sunan tashar jiragen ruwa ta Banten a tsibirin Java ta ci. Kafin zuwanta, Amurkawa da yawa abincin dabbobi suka ɗauki masara ruwan ɗorawa, fara ce ta mutane.

Inda rikicin ya fi yawa shi ne wajen masu launi iri-iri. Glass Gem, wadda hotonta ya karaɗe intanet a 2012, aikin Carl Barnes ce, manomin Oklahoma mai jinin Cherokee, kuma ba mai zaƙi ba ce ko kaɗan. Ta gari ce da gugguru. Painted Mountain ta Dave Christensen a Montana ita ma ta gari ce. Mai zaƙin ita ce Painted Hill, da Alan Kapuler ya samar ta hanyar haɗa Painted Mountain da wata farar mai zaƙi, Luther Hill, ya tsago rabin suna daga kowacce. Ana jera su duka a ƙarƙashin "irin gado", ko da yake waɗannan ukun ba su kai shekarun dattijo ɗaya ba. Kalmar dai ba ta da ma'ana guda da kowa ya yarda da ita. Abin da ya haɗa su shi ne manomi zai iya ajiye irin ya sake shukawa baɗi.

Sai dai ajiye irin masara ba kamar na wake ba ne. Iska ke ɗaukar bununinta, kuma kowane zare na gemunta ƙwaya guda yake ɗaurawa, don haka goyo ɗaya kan iya samun ubanni da dama. Zaƙin kuwa wata tawaya ce a ƙwayar halitta da ke hana sukari komawa sitaci, kuma bununin masarar gari daga gonar maƙwabci ya isa ya shafe shi a daminar. Masu ajiye iri sukan ba da shawarar a tara daga tushe kamar 200. Wanda ya shekara goma yana ɗiba daga goyo biyar, zai ci gaba da rubuta Black Mexican a jikin kwalba, amma abin da ke ciki ya rame, ya rasa wasu daga halayen kakanninsa.

Shi ya sa rumbunan adana iri ba sa dogara da suna. Cibiyar CIMMYT da ke Meziko tana riƙe da samfurin masara kusan 28,000, kowanne da lambarsa da bayanin inda aka ɗebo shi. Amurka ta ɗanɗana kuɗar rashin wannan lura a 1970: sunayen iri barkatai ne a gonaki, amma yawancinsu gado ɗaya suka ɗauko ta wajen uwa, wanda ake kira na Texas, sai cutar ƙunar ganye ta bi su gaba ɗaya ta cinye kusan kashi 15 cikin 100 na amfanin shekarar.