Yadda Kiɗan Rawar Latin Ya Shiga Zauren Turawa

A da, a babbar ƙungiyar makaɗan Turai, masu goge ke zama gaba, mai ganga kuwa yana can baya, sai an so tsawa a waiwaye shi. Rawar Kyuba da Brazil da Ajantina na cikin abubuwan da suka girgiza wannan tsari.

Da aro aka soma. A 1875 Georges Bizet ya saka rawar habanera a wasansa Carmen, yana zaton waƙar gargajiya ce marar mai ita, ashe ta Sebastián Iradier ce, wani ɗan Sifen da ya taɓa zuwa Kyuba. Darius Milhaud kuwa aikin ofishin jakadancin Faransa ya kai shi Rio a 1917, ya komo ya harhaɗa waƙoƙin Brazil cikin Le Bœuf sur le toit.

George Gershwin ne ya fi burge ni. Hutu ya je Havana a 1932, ya dawo da gangunan bongo, da caki, da duman da ake kankara, da 'yan sanduna biyu masu riƙe kiɗan. A watan Agusta aka kaɗa sabon aikinsa a New York da sunan Rumba, daga baya ya zama Cuban Overture. A jikin takardar kiɗan ya rubuta cewa a zaunar da masu waɗannan kaya gaban jagora, kowa ya gan su. Salon bugun nan fa, jikokin bayin da aka kwasa daga ƙasar Yarbawa da Kwango ne suka raya shi a tsibirin Kyuba.

Sai kasuwa ta buɗe. Blue Tango na Leroy Anderson ya hau kan jadawalin Billboard a 1952, faifansa ya haura miliyan. Da daɗi kam, amma tango ce mai ladabi, an tsame mata zafin Buenos Aires don kunnen masu rediyo.

Masu abin sun karɓi kayansu daga baya. Arturo Márquez, ɗan Meziko, ya rubuta Danzón No. 2 a 1994, kuma Gustavo Dudamel da matasan makaɗan Benezuwela suka zaga Turai da Amurka da shi a 2007. Mai karatu, saurari na Anderson, ka bi shi da na Márquez, kunnenka zai raba maka baƙo da ɗan gida.