Jigo, Ƙusa da Babbar Shishka: Yadda Zongon Lome Ke Kiran Manyansa

Duk wanda ya taɓa zama a majalisar dattawa a Zongon Lome bayan La'asar ya san ana iya kiran mutum guda da suna uku a hira ɗaya. Dattijo ya ce, "Ai Alhaji jigo ne a unguwar nan." Ɗansa da ya yi boko da Faransanci ya ce patron. Jikansa kuwa, wanda kunnensa ya saba da Ingilishin Gana da Najeriya, ya ce big man. Su ukun babban mutum suke nufi, sai dai kowace kalma da irin kayan da ta ɗauko. Yau za mu kwance waɗannan kaya, mu bi sawunsu daga hanyar Gwanja zuwa bakin teku, har mu leƙa birnin Masko, inda aka taɓa zama aka juya kalmominmu zuwa Rashanci.

Zongo dai shi ne zango, wurin da ayari ke sauke kaya. Kakanninmu fatake sun daɗe suna bin hanyar Gwanja daga Kano, Katsina da Sakkwato zuwa Salaga domin goro. Da Ingilishi suka ci Asante a 1874 sai kasuwar Salaga ta fara raurawa, yaƙin basasar 1892 kuma ya ƙarasa watsa ta. 'Yan kasuwa suka bazu, wasu zuwa Kete-Karaci, wasu suka gangara har gaɓar teku. A wannan tsakanin ne Jamus ta kafa mulkinta a Togo a 1884, ta mai da Lome hedikwata a 1897. Unguwar baƙi Musulmi ta girma tare da garin, ta haɗa Hausawa da Zabarmawa da Fulani da Yarbawa da Kotokoli, Hausa ta zama harshen ciniki da na zumunci a tsakaninsu.

Mutanen da suka zo da ayari sun zo da ma'aunin girma irin na ayari. Babba a wurinsu shi ne madugu uban tafiya, wanda ya san rijiyoyin hanya, yake sasantawa da sarakuna kan kuɗin fito, yake amsa laifin kowa in an shiga garin mutane. Akwai jagaba mai shigewa gaba, akwai uban dawaki. Kowane suna aiki ne kafin ya zama kirari. Ɗaya daga cikin irin waɗannan mutane, Madugu Muhamman Mai Gashin Baki, shi ya raka matafiyin Jamus Eduard Flegel cikin ƙasar Adamawa, har ya bi shi Balin a 1884. Bature ya samu suna a littattafai, amma wanda ya san hanya shi ne madugu.

Da ayari ya zauna wuri guda ya zama unguwa, sai girma ya koma hannun maigida. Maigidan zango shi ke saukar da baƙon da ya koro shanu daga arewa ko ya kawo huhun goro, ya ba shi ɗaki da tuwo, ya haɗa shi da dillali, ya tsaya masa a kan bashi. In mahauci ya ɗauki sa bai biya ba, wuyan maigida ake kamawa. Yaran gidansa kuma shi ke yi musu aure, shi ke ba su jari. Masanin Faransa Michel Agier, wanda ya zauna da mutanen Zongon Lome, ya fitar da littafi a 1983 kan waɗannan 'yan kasuwa, kuma maigida ne ginshiƙin bayaninsa. Abner Cohen ya ga irin haka a Sabon Ibadan a littafinsa na 1969. Masu rubutu da Ingilishi sukan fassara kalmar da landlord, masu Faransanci su ce logeur. Duka biyun sun kama gidan, sun saki amanar. Mai karatu a Landan zai ɗauka mai karɓar kuɗin haya ake nufi, alhali mutumin da ake magana a kansa ciyar da baƙo yake yi, ladansa na fitowa daga cinikin da ya ƙulla.

Mu duba sauran kalmominmu na fice. Jigo itace ne da ke ɗauke da nauyi, ko a rufin ɗaki ko a bakin rijiyar lambu. Ginshiƙi shi ke riƙe da soro. Ƙusa ita ke haɗa katako da katako, shi ya sa muke cewa wane ƙusa ne a gwamnati. Babban bango abin jingina ne. Ga kuma karin maganar da ta fi su duka nauyi: babba juji ne, kowa ya kwaso shararsa nan zai zuba. Ko da muka zo kan dukiya, sai muka ce masu hannu da shuni, maganar da ake dangantawa da manyan riguna da rawunan da aka rina aka buga a Kano da Kura, waɗanda shuninsu ke kama hannun mai sa su da mai cinikinsu. Heinrich Barth ya ga wannan sana'a da idonsa a Kano a 1851, ya kuma bayyana nisan da tufafinta ke kaiwa. A nan ma dukiyar tana da alaƙa da sana'ar da kowa ya sani.

Farkon waɗanda suka yi fama da juya irin waɗannan kalmomi a ƙasar Togo Jamusawa ne. Adam Mischlich, jami'in mulki a Kete-Karaci, garin da yanzu ke cikin Gana, ya yi karatu a gaban Imam Umaru, malamin da aka haifa a Kano a 1858, ya zauna a Salaga, ya rasu a Karaci a 1934. Daga wannan zama ne aka samu rubuce-rubuce masu yawa kan tarihi da al'adun Hausawa, kuma Mischlich ya buga ƙamusunsa na Hausa da Jamusanci a Balin a 1906. Bayansa Bargery ya fitar da nasa na Ingilishi a 1934, Abraham a 1949. Aikin ƙamus shi ne ya ajiye kalma kusa da kalma. Matsalar tana tasowa ne ranar da mai fassara ya nemi salon magana a harshensa da zai tsaya a madadin namu.

Ingilishi yana da irin waɗannan da yawa. Bigwig ya samo asali daga manyan hulunan gashi da alƙalai da masu mulki ke sawa a Ingila a ƙarni na 17 da na 18. Big shot da big gun daga bindiga suke. Big fish babban kifi ne, har sukan ce babban kifi a ƙaramin tafki ga wanda girmansa bai wuce unguwarsu ba. Big cheese kuwa, masu bin asalin kalmomi da yawa na ganin ba cuku ba ne tun farko, kalmar chiz ce ta Farisanci da Urdu mai nufin "abu", wadda Ingilishi suka tsinto a Indiya. Faransancin da yaranmu ke koya a makarantun Lome yana da gros bonnet, babbar hula, daga hulunan alƙalai da manyan malamai na da, yana kuma da grosse légume, wato ƙaton kayan lambu. Jamusawa sukan ce hohes Tier, dabba mai tsayi. In muka lura, kusan dukkansu daga ƙasa ake faɗarsu ana kallon sama, da ɗan murmushin shaƙiyanci. Ba a fuskantar minista a ce masa ƙaton kabeji. Mu kuwa a gaban mutum muke ce masa jigo, ya ji daɗi, ya kuma ji an ɗora masa kaya.

Rashanci ya shigo labarinmu ta ƙofar ilimi da siyasa. A Leningrad, Dmitri Olderogge ya jagoranci nazarin harsunan Afirka, ya buga littafin koyon Hausa a 1954. A ƙarƙashin kulawarsa aka fitar da ƙamusun Hausa da Rashanci a Masko a 1963, sannan na Rashanci da Hausa na Laptukhin ya biyo baya a 1967. Rediyon Masko kuma ya yi shekaru yana watsa shirye-shirye da Hausa a zamanin yaƙin cacar baka, dattawanmu masu rediyo mai gajeren zango suna kama shi kamar yadda suke kama Landan da Kolon.

Idan Barashe ya so fassara big shot ko bigwig, abin da ya fi zuwa bakinsa shi ne balshaya shishka. Shishka ita ce 'ya'yan itacen fir mai ɓawo, ita ce kuma ƙulun da ke fitowa a goshi in mutum ya yi karo. Wani lokaci ya ce vazhnaya ptitsa, tsuntsu mai muhimmanci. Su ma da zolaya ake faɗarsu. Amma akwai wani tarihi a ƙarƙashin shishka da ya kamata ɗan Zongo ya ji. A bakin kogin Volga, kafin jiragen tururi su yawaita, mutane ne ke ɗaura igiya a ƙirji suna jan jiragen kaya, irin waɗanda Ilya Repin ya zana a shahararren hotonsa na farkon shekarun 1870. Wanda ke gaban layi, mafi ƙarfi da sanin gaɓar kogi, shi ake kira shishka, kuma masana da yawa daga nan suke ganin salon maganar ya fito. Ashe jagaba ne. Kalmar da ta fara da mai jan kaya a gaba ta ƙare a kan mai zama a ofis ana yi masa dariya a bayan ido. Wannan hanya ce da kowace kalmar girma ke iya bi, har da namu.

Wani wurin kuma kalma ɗaya ce, fuska biyu. Mu muna kiran sarki giwa, toron giwa ma. Barashe da Bafaranshe da Bajamushe duk suna da maganar giwa a shagon tangaran, ga mutum mai ɓarna da rashin dabara, Ingilishi kuma na kiran aikin da ya ci kuɗi bai amfani kowa ba farar giwa. Ƙusa ma haka. Faransawa na cewa clou, Rashawa suka ara suka ce gvozd, ga abin da ya fi jan ido a wurin biki. Ƙusarsu ta kallo ce, tamu kuwa tana cikin katako, sau da yawa kanta kawai ake gani. Mai fassarar da ya juya babba juji kalma da kalma zuwa ɗayan waɗannan harsuna, zagi zai miƙa a madadin yabo.

A 1977, zamanin mulkin Eyadema, aka gwada waɗannan kalmomi a aikace. Hukuma ta rushe tsohon Zongo da ke tsakiyar Lome, aka mai da mutanensa can arewacin gari wajen Aguwe, kimanin kilomita 15 daga inda suka saba. Gidajen da aka yi shekaru ana saukar baƙi a ciki suka zama fili. Da maigida mai gini ne kawai, da sunan ya mutu a ranar. Bai mutu ba, domin baƙon da ya koro shanu daga Nijar mutum yake nema, wanda zai tsaya masa. Unguwar ta sake tashi a sabon wuri, da masallatanta da makarantun allonta da cinikinta, ta kuma riƙe sunanta.

A waɗannan shekarun ne Lome ta ba duniya nata salon maganar. Matan da suka riƙe cinikin atamfar Holan a babbar kasuwa suka yi arziki har suka sayi motocin Marsandi, aka sa musu Nana Benz. Nana kalmar girmamawa ce ga uwa ko kaka a bakin mutanen gaɓar teku, Benz kuwa mota. Rabin sunan na gida ne, rabi na kanti. Maƙwabtanmu ne, kasuwa ɗaya muke ci, kuma sunan nasu ya nuna inda ma'aunin girma ya fara karkata, daga abin da mutum ke ɗauka zuwa abin da ke ɗaukarsa.

Yau yaran Zongo na tashi da Hausa a gida, Mina a kasuwa, Faransanci a aji. Wannan arziki ne, kakanninmu ma da harsuna da yawa suka yi fatauci. Abin tsoron shi ne a riƙe kalmar a zubar da abin da ke cikinta, a kira mutum jigo don gidansa ya fi na kowa tsayi, alhali ba wanda ya taɓa jingina da shi. Idan yaro ya tambaye mu ma'anar maigida, kada mu tsaya a patron. Mu gaya masa wanda ke biya in mahauci ya gudu, da wanda ke tashi cikin dare in baƙo ya yi sallama.

Masu karatu na Lome, Sokode, Kumasi da Akara, wace kalma dattawan zangonku ke kiran babban mutum da ita wadda ba mu ambata ba? Ku ajiye mana ita a ƙasa tare da yadda kuka ji ana amfani da ita. Allah ya jiƙan magabata, ya bar zumunci.