Alƙaluman raya ƙasa: yadda Bankin Duniya ya buɗe rumbunsa

A ranar 20 ga watan Afrilun 2010 ne shugaban Bankin Duniya na wancan lokaci, Robert Zoellick, ya ba da sanarwar cewa bankin ya buɗe rumbun alƙalumansa ga kowa da kowa, ba tare da biyan ko sisin kwabo ba.

Rumbun dai ya ƙunshi ma'aunai sama da 2,000 game da ƙasashe da yankuna fiye da 200, wasunsu tun daga shekarar 1960. A ciki akwai yawan yaran da ke mutuwa kafin su cika shekara biyar, da adadin 'yan matan da ke zuwa makaranta, da bashin da ake bin kowace ƙasa, da yawan masu samun ruwan sha mai tsabta.

Kafin wannan lokaci, akasarin waɗannan bayanai sai da kuɗi ake samunsu, ko dai ta hanyar sayen littafi ko faifan CD, ko kuma biyan kuɗin rajista a intanet. Jami'o'in Turai da Amurka ba su jin nauyin wannan kuɗi. Amma malamin jami'a a Zariya ko ɗan jarida a Yamai kan rasa hanyar ganin alƙaluman da aka tattaro daga ƙasarsa, alhali da su ake yanke shawarar ba ta rance ko hana ta.

Matsin lamba

Ba haka kawai bankin ya wayi gari ya sauya ra'ayi ba. Daga cikin waɗanda suka matsa masa lamba akwai Hans Rosling, wani likita kuma farfesa ɗan ƙasar Suwidin, wanda ya kafa gidauniyar Gapminder a 2005 tare da ɗansa da surukarsa. Hujjarsa ita ce da kuɗin harajin jama'a aka tattara alƙaluman, don haka bai dace a sake sayar wa jama'a da su ba.

Haka kuma a watan Satumbar 2008, a wani taro kan ingancin agaji da aka yi a Accra, babban birnin Ghana, an ƙaddamar da shirin IATI, wanda ya nemi masu ba da agaji su riƙa bayyana nawa suka kashe, a ina, kuma a kan me, bisa tsari guda da kowa zai iya kwatantawa.

Bayan buɗe rumbun, bankin ya ƙara wasu matakai. A watan Yulin 2010 ya fara aiki da manufar da ta ce duk wata takarda tasa a buɗe take, in ban da waɗanda aka keɓe da suna. A 2012 kuma ya ba da damar a kwafi rahotannin bincikensa a yaɗa, matuƙar an ambaci mai su.

Daga ina alƙaluman ke fitowa?

Abin da mutane da dama ba su lura da shi ba shi ne, ba bankin ne ke bi gida-gida yana ƙirga ba. Yawancin alƙaluman daga hukumomin ƙididdiga na ƙasashe suke fitowa, sai kuma hukumomin Majalisar Ɗinkin Duniya. Idan hukumar ƙididdiga ba ta da kuɗin fita aiki, to hasashe ne zai cike gurbin, ko da kuwa an jera shi tsaf a shafin intanet.

Ghana ce ta fara tona wannan asiri. A watan Nuwambar 2010 ta sabunta hanyar auna tattalin arzikinta, sai girmansa ya ƙaru da sama da kashi 60 cikin ɗari a rana guda, abin da ya fitar da ita daga sahun ƙasashe masu ƙaramin ƙarfi.

Na Najeriya ya fi ba da mamaki. Har zuwa 2014 da ma'aunin shekarar 1990 ake lissafi, wato lokacin da babu wayar salula a hannun jama'a, kuma harkar finafinan bidiyo ba ta kankama ba. Da Hukumar Ƙididdiga ta Ƙasa, ƙarƙashin Yemi Kale, ta sabunta lissafin a watan Afrilun 2014, sai tattalin arzikin shekarar 2013 ya tashi daga kimanin dala biliyan 270 zuwa dala biliyan 510, ya zarce na Afirka ta Kudu a lokacin. Ko kwano guda na hatsi bai ƙaru a gidan kowa ba, lissafin ne kawai ya daɗe a karkace.

Batun yawan jama'a ma haka yake. Ƙidayar 2006 ta nuna mutum miliyan 140 a Najeriya, kuma wadda aka shirya yi a watan Mayun 2023 an ɗage ta. Duk wani adadi da aka raba bisa yawan jama'a a shekarun da ke tsakani, kamar kuɗin shigar kowane mutum, a kan ƙiyasi ya dogara.

Amana da ɗorewa

Buɗe alƙaluma bai hana a taɓa su ba. A watan Satumbar 2021 bankin ya soke rahotonsa na Doing Business, mai jera ƙasashe bisa sauƙin kasuwanci, bayan wani binciken lauyoyi ya gano cewa manyan jami'ai sun matsa wa ma'aikata lamba don a gyara matsayin Sin a rahoton 2018. An kuma samu kura-kurai a alƙaluman Saudiyya da Haɗaɗɗiyar Daular Larabawa da Azarbaijan a rahoton 2020.

Akwai kuma tambayar wa ke biyan kuɗin tattarawa. Shirin DHS, mai binciken lafiyar iyali gida-gida a ƙasashe sama da 90, hukumar agajin Amurka ta USAID ce ta ɗauki nauyinsa tun 1984. Daga gare shi ne aka san da yawa daga abin da aka sani game da haihuwa da rigakafi da mace-macen yara a arewacin Najeriya da Nijar. A farkon 2025 gwamnatin Donald Trump ta soke kwangilar shirin.

A daidai wannan lokaci ne kuma aka rufe shafin FEWS NET, cibiyar gargaɗi kan yunwa da Amurka ta kafa a 1985 bayan farin da ya addabi yankin Sahel da gabashin Afirka. Sai bayan wasu watanni shafin ya dawo aiki.