Daga Zangon Fatake Zuwa Bakin Ruga: Kare Da Amanar Kwikwiyo A Ƙasar Bargu

Wannan shi ne taƙaitaccen bayanin shirinmu na tarihi na makon jiya, ga waɗanda ba su samu kunna akwatin rediyo ba.

Abin da ya jawo maganar, wani dattijo ne ya bugo mana waya daga wata ruga da ke kan hanyar Jugu zuwa Faraku, garuruwan nan da ake rubutawa Djougou da Parakou a allon bakin titi. Ya ce karyarsa ta haifi 'ya'ya bakwai, yau kwana ashirin, ga maƙwabta sun dame shi kowa na son a ba shi nasa. Ya ce, "Ɗana, in raba su yanzu ko in jira?" Na ce, "Baba, a jira tukuna." Dalilin jiran nan kuwa yana da tarihi.

Hanyar da Baba ke zaune a bakinta, mai tsawon kusan kilomita 135, tsohuwar hanya ce. Ta nan fataken goro daga Kano da Katsina da Sakkwato suke bi zuwa Gwanja. Su ƙetare Kwara, su ratsa ƙasar Bargu ta Nikki ko Faraku, su yada zango a unguwar Wangara ta Jugu, sannan su miƙe zuwa Salaga. Baturen nan Clapperton, da ya ratsa Bargu a 1826, ya tarar da ayarin Hausawa a Kayama suna dawowa daga Gwanja, mutum wajen 1,000 da dabbobin kaya. Hanya ce mai riba, amma mai haɗari, don Bargu ta yi suna wajen tare ayari. Madugu kan biya fito da kuɗin hanya, ya kuma sa masu tsaro.

To, bafatake yana da madugu da 'yan rakiya. Shi kuwa Bafillacen da ke daji da garkensa, ƙarƙashin sarakunan Wasangari na Bargu, wa ke tsaronsa idan dare ya raba? Sandarsa da karensa. Kura da dila da ɓarawon shanu, kare ne ke fara jin ƙamshinsu. Haka maharba, haka manomi mai gadin doya. Kare a ƙasar nan ma'aikaci ne tun asali, abincinsa ladan aikinsa.

Addini ma ya san da wannan. Hadisi ya yi izinin ajiye kare don kiwo da farauta da gadin shuka. A mazhabar Malikiyya da muke bi, jikin kare mai rai ba najasa ba ne, sai dai in ya sa baki a ƙwarya a wanke ta sau bakwai. Kuma kowa ya san labarin mutumin da Allah ya gafarta wa saboda ya shayar da kare mai ƙishirwa. Batun sayar da kare ne malamai suka yi saɓani a kai, har ga wanda aka yi izinin ajiyewa. Shi ya sa a gidajen Musulmi da yawa kwikwiyo kyauta ake bayarwa. Wanda ya ba ka ɗan karyarsa ya san ka, ya san rugarka, kuma in kun haɗu a kasuwa zai tambaye ka lafiyarsa. Kyauta ce mai ɗauke da amana.

Sai zamani ya juya. Yaƙin basasa ya rusa kasuwar Salaga a 1892. A 1894 Lugard na Ingila da Decoeur na Faransa suka yi rige-rigen zuwa fadar Nikki, a 1898 kuma ƙasashen biyu suka raba Bargu gida biyu, rabi a Dahome, rabi a Najeriya. Da layin dogo daga Kwatano ya iso Faraku a 1936, garin ya zama inda ake sauke kayan jirgi a ɗora wa manyan motoci zuwa Malanbil da Gaya. Jaki ya ba mota wuri. Tafiyar da ke cin makonni ta koma ta wuni ɗaya, kuma kare ma ya shiga mota.

Ga inda matsalar take. Ciwon haukan kare kan kwanta a jikin dabba makonni, wani lokaci watanni, ba tare da wata alama ba. A da, kare kan rayu ya mutu kusa da inda aka haife shi. Yau ana iya ɗaukar kwikwiyo a kwali daga Jugu da safe, ya kwana a wata ƙasa. Akwai ma fataucin karnuka sosai a yankinmu, kasuwar Dawaki ta ƙaramar hukumar Kanke a jihar Filato shaida ce, inda ake kai karnuka daga nesa. Ciwo ba ya tsayawa a shingen kwastan.

Canji na biyu ya shafi makiyaya kai tsaye. A 1998 ƙungiyar ECOWAS ta amince da ƙetare iyaka da dabbobi bisa takardar shaida. Amma a 2019 Benin ta kafa dokar kiwo, a ƙarshen shekarar kuma ta hana shigowar garkunan ƙetare, tana ƙarfafa makiyaya su zauna wuri ɗaya. Ga gonakin auduga da na kashu sun ci daji. Ruga ta matso gari, gari ya matso ruga. Karen da a da ba ya ganin kowa sai shanu da mutanen gida, yau yana haɗuwa da 'yan makaranta da masu tallar wagashi da karnukan bola.

Maganin ciwon ya daɗe a duniya. Ran 6 ga Yuli 1885 Louis Pasteur ya yi wa wani yaro, Joseph Meister, allura a birnin Faris bayan mahaukacin kare ya cije shi, yaron ya rayu. Amma har yau Hukumar Lafiya ta Duniya na ƙiyasin mutum wajen 59,000 ke mutuwa duk shekara, galibi a Afirka da Asiya. Kusan duka daga cizon kare ne, kuma wajen 40 cikin 100 yara ne 'yan ƙasa da shekara 15. Masana sun ce in aka yi wa karnuka 70 cikin 100 na yanki rigakafi, ciwon kan yanke. Tun 2007 ake tunawa da wannan ran 28 ga Satumba. Wa ya fi wasa da kwikwiyo a gida? Yaro. Kun ga ke nan maganar Baba ba ƙarama ba ce.

To yaya ake riƙe amanar yadda ya kamata?

Cikin karya wajen kwana 63 ne. In ta haihu, a ba ta wuri mai inuwa, busasshe, inda ƙafar shanu da hannun yara ba sa kai wa. Lokacin hunturu a shimfiɗa buhu ko ciyawa, don ɗan kwikwiyo ba ya iya ɗumama jikinsa a makonnin farko. Makiyayi ya san darajar dakashi ga ɗan maraƙi. Haka yake ga kwikwiyo, nonon kwanan farko shi ne garkuwarsa.

Karya mai shayarwa tana buƙatar abinci ninki biyu zuwa uku na yadda ta saba, da ruwa mai tsabta kullum a kusa. Ƙanzo da ɗauraye-ɗaurayen tukunya ba za su riƙe uwar 'ya'ya bakwai ba. A haɗa mata da kifi ko dafaffen nama. Amma a kiyaye abu guda: hanta ko huhun dabba mai ƙulli-ƙullin ruwa, kada a jefa wa kare ɗanye. Ta nan tsutsa ke shiga cikinsa, daga kashinsa ta koma wa tumaki da mutane. A ƙone shi ko a binne da zurfi.

'Ya'yan kan buɗe ido tsakanin kwana 10 zuwa 14. Daga mako uku zuwa huɗu sai a fara nuna musu abinci mai laushi, kamar kunu mai kauri da ɗan kifi. Ɗanyar madarar shanu in ta yi yawa takan sa su zawo. Maganin tsutsar ciki ana farawa tun suna mako biyu, amma a hannun likitan dabbobi. Don Allah, 'yan uwa, kada a ɗebi allurar shanu ko ruwan wankan kaska a yi wa kwikwiyo da ƙiyasi. Abin da sa ke ɗauka lafiya yana iya kashe shi nan take.

Ranar rabuwa kuwa, sai sun cika mako takwas. A makonnin nan ne uwa ke yaye su, tana ladabtar da su, su kuma suna koyon iyakar cizo a wasa da junansu. Wanda aka cire tun yana kwana ashirin yakan tashi da rauni da tsoro, kare matsoraci kuma shi ne mai saurin cizo. Allurar haukan kare ana yin ta a wata uku. Saboda haka duk wanda za ka ba kwikwiyo, ku yi magana baki da baki: ranar kaza za ka kai shi a yi masa allura, ka ajiye takardar. In zai ƙetare iyaka da shi, gara ya jira a yi allurar tukuna. In ka ga mutum ba zai iya ciyar da shi ba, hana shi ya fi, don kwikwiyon da aka yar shi ne karen bolar baɗi.

In kuma tsautsayi ya sa kare ya ciji wani, ko ya yakushe shi, a wanke wurin da sabulu da ruwa har minti 15, a nufi asibiti a ranar. Kada a jira alama, don in alama ta bayyana, sai dai addu'a.

Hausawa sun ce karen bana shi ke maganin zomon bana. Kakanninmu sun yi kiwon karen da ya dace da kura da ɓarayin zamaninsu. Namu zamanin na mota ne da cunkoso, karensa kuwa shi ne wanda ya sha nonon uwarsa ya ƙoshi, aka yi masa allura, aka san hannun da ya shiga.

Baba na hanyar Jugu, saura mako biyar. A ƙara wa uwar abinci, a ba maƙwabta haƙuri. Sai mun ji daga gare ku a shiri na gaba. Allah Ya tsare garke, Ya ba da sa'ar kasuwa.