Dokar Zubar da Ciki a Nijar: Daga Ina Ta Zo Mana?

Ƴan uwa ɗalibai, duk ranar da zancen zubar da ciki ya taso a fada ko a ɗakin kwanan jami'a, nan take ake rabuwa gida biyu. Wasu su ce kisan kai ne, a ɗaure mai yi, kuma duk mai maganar ƴancin mace ɗan saƙon Turawa ne. Wasu su ce jikinta ne, ita ke da ta cewa. Har shayi ya huce babu wanda ya ji na wani. Tambayar da ba a cika yi ba ita ce: dokar da ke kai mace kaso a Nijar kan wannan abu, wa ya rubuta ta, yaushe, kuma don me?

Amsar tana Faransa. A 1810 Napoleon ya fitar da kundin hukunta laifuka, aya ta 317 ta haramta zubar da ciki. Bayan Yaƙin Duniya na Ɗaya abin ya ƙara tsanani. Faransa ta rasa sojoji kusan miliyan 1 da dubu 400, haihuwa ta yi ƙasa, ga Jamus a maƙwabtaka ta fi ta yawan jama'a. Sai majalisa ta yi dokar 31 ga Yuli 1920, wadda ta hana kwaɗaitar da mutane zubar da ciki, ta kuma hana ko da tallar maganin tazarar haihuwa. Akwai masu addini cikin waɗanda suka goyi baya, amma hujjar da ta ci majalisa ita ce ƙidaya: ƙasa na son sojoji da ma'aikata. A 1923 aka ƙwace shari'ar daga hannun mutanen gari da ake zaɓa su yanke hukunci a kotu, don an ga suna yawan jin tausayi su saki matan, aka miƙa wa alƙalai zalla. Zamanin Pétain, a 1942, aka mayar da abin laifin cin amanar ƙasa. Ranar 30 ga Yuli 1943 aka fille kan wata mai wankau, Marie-Louise Giraud, a birnin Paris, saboda ta zubar wa mata 27 ciki.

To, a waɗannan shekarun mu muna ƙarƙashinsu. An kafa Nijar a matsayin ƙasar mallaka a 1922, babban birni na Damagaram kafin a mayar da shi Yamai a 1926. Dokar 1920 ta biyo Nasara zuwa ƙasashen Afirka ta Yamma da yake mulki. Mun samu ƴanci ranar 3 ga Agusta 1960, a Yulin 1961 gwamnatin Diori Hamani ta fitar da namu kundin. Wanda ya ɗora aya ta 295 tamu kusa da ta 317 ta Faransa zai ga uwa da ɗiya: lissafin hanyoyin iri ɗaya, abinci ko abin sha ko magani, hukuncin kuma shekara 1 zuwa 5 ga wanda ya zubar wa mace, ita ma macen tana da nata ɗaurin. Hanin maganin tazara kuwa sai a 1988, zamanin Ali Saibou, aka ɗage shi.

Mai dokar fa? Tuni ya canza. A 1967 Faransa ta halatta maganin tazara. A 1971 mata 343 suka sa hannu a jarida cewa sun taɓa zubar da ciki, a zo a kama su. A 1972, a Bobigny, aka gurfanar da wata yarinya da aka yi wa fyaɗe tana da shekara 16. Lauyarta Gisèle Halimi, haifaffiyar Tunisiya, ta juya shari'ar ta koma tuhumar dokar kanta, aka sallami yarinyar. A Janairun 1975 dokar da ministar lafiya Simone Veil ta kare ta fara aiki, a 2024 kuma suka sa abin cikin tsarin mulkinsu.

Kar wani ya ce ke nan haramcin ma na Nasara ne. A'a. Tun kafin a haifi Napoleon da ɗaruruwan shekaru malamanmu ke wannan muhawara, kuma sun fi mu natsuwa a cikinta. Tushenta hadisin Abdullahi ɗan Mas'ud, na huɗu cikin Arba'una Hadisi da muka hardace a makarantar allo ko islamiyya: matakai uku na kwana arba'in-arba'in, sannan a busa rai, wato kwana 120. Bayan busa rai mazhabobi sun haɗu kan haramci, malaman zamani kuma sun keɓe inda ran uwa ke cikin haɗari. Kafin nan ne aka saɓa. Da yawa daga Hanafiyya sun yarda in akwai uzuri, misalinsu mai goyo da ta yi ciki nono ya ƙafe, uban kuma ba shi da halin ɗaukar mai shayarwa. Imam Gazali ya ga laifi ne tun farko, yana ƙara nauyi mataki-mataki. Mazhabarmu ta Malikiyya ita ta fi tsanani: Dardir, mai sharhin Muhtasar, ya hana ko kafin kwana 40, ko da yake Lakhmi ya yi sauƙi a wannan tsakani.

Amma ku duba abu biyu a cikin wannan tsananin. Na farko, Risala ta Ibn Abi Zaid ta ƙayyade diyyar ɗan tayi dinari 50, alhali cikakkiyar diyya dinari 1000 ce. Ke nan an ba ɗan tayi alfarma, amma ba a daidaita hukuncinsa da na wanda aka haifa ba. Na biyu, mazhabar da ta tsananta kan tayi ita ce ta fi neman yi wa mace sutura. Ita ta yarda da kwantaccen ciki, cewa ciki na iya jimawa har shekara huɗu ko biyar, a jingina ɗan ga tsohon miji. Wannan na cikin hujjojin da kotun ɗaukaka ƙara ta shari'a a Katsina, nan kusa da Maraɗi, ta duba ta sallami Amina Lawal a Satumban 2003. Su malaman da, in sun rufe ƙofa ɗaya sukan bar wa mace wata.

Ƙasashen Musulmi ma ba su bi hanya ɗaya ba. Tunisiya, inda Malikiyya ta yi reshe tun daga Ƙairawan, ta yarda wa mai ƴaƴa biyar a 1965, a 1973 ta buɗe wa kowace mace cikin wata uku na farko. A 1990 majalisar fiƙihu ta Rabiɗa a Makka ta yarda a cire tayin da likitoci suka tabbatar yana da mummunar nakasa marar magani, in bai kai kwana 120 ba kuma iyaye sun nema.

Namu gwajin ya zo a 2006. A Yulin 2003 ƙasashen Afirka sun amince da yarjejeniyar Maputo kan haƙƙin mata, wadda aya ta 14 tata ta nemi a ba da damar cire ciki a asibiti in fyaɗe ne, ko cikin muharrami, ko lafiyar uwa na cikin haɗari. Gwamnatin Tandja Mamadou ta sa hannu, amma a Yunin 2006 majalisar dokoki ta ƙi, ƙungiyoyin addini na adawa da wannan aya da na shekarun aure da gado. Abin lura, a wannan watan dai aka fitar da dokar lafiyar haihuwa, wadda ta yarda likitoci su cire ciki in rai ko lafiyar uwa na cikin haɗari, ko tayin na ɗauke da babbar cuta. Fyaɗe bai shiga ba. Maƙwabtanmu Mali da Burkina Faso sun sa shi a nasu dokokin, Benin kuma a 2021 ta faɗaɗa har mako 12.

Ga inda tarihin ya aje mu. Wanda ke kare aya ta 295 da sunan addini, ya sani kaso ɗin da yake karewa tsarin Paris ne. Wanda ke son a kwafo dokar Veil sukutum, shi ma aro zai sake yi, kuma zanen aro ba ya rufe katara. Tsakaninsu akwai yarinya ƴar kwaleji da aka yi wa fin ƙarfi. Doka ba ta san da ita ba, gida tana tsoro, mai kuɗi ta san inda za ta je, ita kuwa sai ƙwayoyin ƴan tebur ko jiƙon wata tsohuwa a bayan gari. In jini ya ɓalle ta ƙi zuwa matanite don tsoron jandarma. Wanda ya yi mata cikin kuma yana aji yana rubuta jarrabawa. Sai a 2019 hukuma ta fitar da umarnin da ya bar ɗaliba mai ciki ta ci gaba da lakwal.

Mu da za mu zama alƙalai da ungozomomi da limamai da ƴan majalisar gobe, tambayoyi uku ke jiranmu. Me fiƙihunmu ya ce kan cikin fyaɗe kafin kwana 40, kuma wa zai zauna da malamai da likitoci a ɗaki ɗaya a tattauna shi? Shin ɗaure mace na ceton tayi, ko dai yana ƙara gawa ta biyu? Kuma yaushe hukunci zai fara neman namijin? Kowa na da damar riƙe ra'ayinsa kan haramci. Amma in ƙawarku ko ƙanwarku na zubar da jini, ku kai ta likita tukuna. Kan ceton rai babu saɓani tsakanin mazhabobi.