Sitiret da Tarihin Gado: Martani ga Van Hofwegen da Abokan Aikinsa

Van Hofwegen, Hovde da Minnich (2016) sun yi iƙirarin cewa abin da ya faru a gwajin Richard Lenski bai kai yadda ake kambama shi ba. Masu wannan fanni sun san labarin: daga cikin rukunoni 12 na bakteriyar E. coli da ake reno tun 1988, ɗaya kacal, wato Ara-3, ya fara cin sinadarin sitiret a gaban iskar oksijin, wajen zuriya ta 31,500 (Blount da abokansa, 2008). Van Hofwegen da abokan aikinsa kuwa sun samu irin wannan sauyi cikin zuriya 12 kawai a wasu lokuta, suka yanke cewa babu sabon bayanin gado da ya samu.

A ganina hujjar ba ta kai ga hukuncin ba. Sun bar bakteriyar cikin yunwa na tsawon kwanaki, babu abin ci sai sitiret. A kwalaben Lenski kuwa, kullum ana ɗibar kashi ɗaya cikin ɗari a zuba a sabon ruwa mai gulukos, don haka ƙwayar da ta fara cin sitiret da rauni za ta iya ɓacewa kafin ta yi ƙarfi. Ke nan gwaje-gwajen biyu tambayoyi daban-daban suke amsawa. Ga kuma samfuran da ake daskarewa duk zuriya 500 a gwajin Lenski: da aka farfaɗo da su, waɗanda suka wuce zuriya 20,000 ne suka fi sake samar da ɗabi'ar, alamar cewa wasu sauye-sauyen baya sun share fage.

Batun cewa ƙwayar gadon da ke da hannu a cin sitiret, wato citT, tana nan tun asali gaskiya ne, amma a kulle take idan akwai oksijin. Wani bincike na 2012 ya nuna wani yankin DNA ya ninku, citT ta faɗo ƙarƙashin makunnin wata ƙwayar gado, rnk, wanda ke aiki a cikin oksijin. Wannan haɗi babu shi a jikin kakannin, kuma da wuya a kira shi tsohon abu.

Sai dai nan ya kamata mu tsaya. Gwajin Lenski bai nuna yadda gaɓa mai sassa da yawa, kamar wutsiyar da bakteriya ke iyo da ita, ta samu ba. Abin da ya nuna, da alama, shi ne ɗabi'a guda ta ginu mataki-mataki daga kayan da ke hannu, kuma rukunoni 11 da suka sha ruwa iri ɗaya ba su kai gare ta ba.